Jinin Malam Haladu a Cikin Gwangwani

Ku yaran shagunan aski na bakin titin Kudan, masu madubi har ƙasa da waƙa tana tashi, na san abin da kuke faɗa in na wuce a kan kekena. Kuna cewa ga tsohon nan mai zabira, har yanzu labarin inji bai iske shi ba. Ya iske ni. Da injin ya zo har shago na je na kalla, na ga yadda yake kwashe suma kafin mutum ya gama gaisuwa, na ce Allah ya yi wa wanda ya ƙera shi albarka. Sai dai ku rage gashi kuke yi, wanzanci kuwa wani abu ne daban. Tunda ɗayanku ya ce mini ba komai a cikinsa sai reza da ƙarfin hali, to ku gyara zama in ba ku labarin shekarar da na kusa rasa babban gidan da na gada, saboda wani ciwon hanta da har yau ba wanda ya san daga ina ya fito. Sunana Garba, ko da yake tun rasuwar babana sai sa'o'ina da manya ke kirana da shi, sauran jama'a Wanzam suke cewa.

Kan farko da na aske ba na mutum ba ne, ɗanyen duma ne. Babana ya tsinko shi a bayan gidanmu a Likoro, ya aza mini a cinya, ya miƙo aska, ya ce in kankare ɗan gashin da ke jikinsa. Ɗanyen duma ba ya rufa wa kowa asiri: ko yaya bakin aska ya shige shi, sai wurin ya tsattsafo da ruwa. Baba ba ya faɗa, ba ya duka. Sai dai ya sa yatsa a wurin ya ce, "Wannan jinin wani ne." Duman gidanmu ya sha wuya a hannuna a daminar nan, har innata ta fara ɓoye wanda take so ta yi ƙwarya da shi.

Bayan duma sai washi. A zabirar Baba akwai askar kai, da ta gyaran fuska, da 'yar siririya ta tsaga, ga almakashi, ga hantsaki, ga dutsen washi da guntuwar fatar da ake goge bakin aska a kai. In ka wasa, a gashin ƙwaurinka za ka gwada kaifin. Baba yakan ce duk wanzamin da ka ga ƙwaurinsa da gashi, rago ne, kada ka ba shi kanka.

Mutumin farko da na kafa wa ƙaho wani Bafillace ne mai ciwon kafaɗa, a kasuwar Ikara. Ƙaho ƙarshen ƙahon saniya ne aka yanke, aka huda tsininsa. Za ka kifa shi a jikin mutum, ka tsotse iskar ta hujin, ka toshe da 'yar jijiyar da ka riga ka tauna, da harshe za ka tura ta, ba tare da ka ɗaga baki ba. In fata ta taso sai ka cire, ka ɗan tsattsaga wurin, ka mayar, ya janyo jinin. Ni kuwa ina sakin baki sai ƙahon ya faɗo. Bafillacen ya waiwayo ya ce, "Kai, in ba ka iya ba kira babanka, shanu na jirana." Baba yana gefe yana aski, bai ko ɗago kai ba. Sai da na samu ya kama, na kai ga tsaga, sannan ya yi magana.

"Ina raminka?"

Na mance ban tona ba. A ƙa'idarmu, kafin ka kafa ƙaho sai ka tona ɗan rami a gefen tabarma, inda mai jinin yake gani. Duk ƙahon da ka cire, a ramin za ka juye, in an gama ka rufe, ka taka, a kan idonsa. Dalili kuwa, mutanenmu sun ɗauka da jinin mutum ana iya yi masa mugun abu. Baba ya ce mini a hanyar komawa gida, "Ko ka yarda da wannan ko ba ka yarda ba, mai jinin ya yarda. Kada ka taɓa barin mutum yana tunanin inda jininsa ya kwana."

Ku kuna jiran duk wanda ya shigo shago. Mu gidaje muke da su. Kowane gida da wanzaminsa, gado ne: kakanka ya aske kakansu, kai ka aske jikansu ranar suna, ka yi wa yaransu kaciya, ka kafa wa dattawansu ƙaho, in kaka ta yi su aiko maka da dawa. Babban gidan da na gada yana Ɗandamisa, gidan Alhaji Mamuda, gida ne mai sassa da yawa, in na shiga da hantsi sai la'asar nake fitowa. Kuma girmansa ba don yawan kawunansa kaɗai ba ne. Sauran gidajen unguwar shi suke kallo, wanda ya kira shi suke kira.

Alhaji Mamuda shi ne babba, mutum ne mai ƙarancin magana, in yana kallonka sai ka fara laluben laifinka. Ƙanensa Malam Haladu kuwa sa'ana ne, manomin rake, mai yin mazarƙwaila, bakinsa ba ya hutawa. In ina aske shi sai na riƙe haɓarsa da ƙarfi, don kada ya yi dariya askar ta tafi inda ba a aike ta ba. Ba ya kirana Wanzam, sai dai ya ce "mahaucin masu rai."

A tsakanin nan ma'aikatan lafiya suka tara mu wanzamai a Maƙarfi, suka yi mana bayanin cututtukan da aska ke ɗaukowa daga wannan ta kai wa wancan, har da na hanta. Suka ce kai ɗaya, reza ɗaya. Wasu tsofaffinmu suka yi ta gunaguni. Ni na ga maganar ta kama hankali, na sa maƙeri ya yi mini mariƙin da ake sa wa reza, ƙahonina kuwa na koma dafa su a tukunya bayan kowane aiki.

Ƙahon da ya janyo mini magana na kafa shi ne a wata bazara, a zauren Malam Haladu. A shekarar nan rake ya yi masa kyau, sai ya shafe sashinsa da siminti, tun daga tsakar gida har zaure har dakalin ƙofa, ko inda kaza za ta yi tono bai bari ba. Ya aiko in zo, wai bayansa ya yi nauyi, kasala ta dame shi. Na shimfiɗa tabarma, na duba inda zan tona rami, babu.

Na ce, "Malam Haladu, mu fita gindin darbejiya."

Ya ce, "A ranar nan? Na yi siminti don in je in kwanta a turɓaya? Kai dai ƙauyanci ba zai bar ka ba."

Ya miƙa hannu ya janyo wani tsohon gwangwanin madara ya ce in juye a ciki, in an gama a binne. Ban ga aibu ba, tunda mai jinin ne ya ce. Na kafa masa a kafaɗu da gadon baya, ina cirewa ina juyewa a gwangwani. Ƙaho yana sa barci, ga sanyin siminti, kafin in goge masa baya har ya fara minshari. Na ga ba dalilin tada mai gajiya. Na rufe gwangwanin da ganye na fita da shi.

Ƙasar bazara kun san ta, a bayan gida na sa tsinke ya karye. Sai na gangara wajen fadama inda take da laima. Ina cikin tafiya sai ga Alhaji Mamuda a kan babur, ya dawo daga Ikara. Ya tsaya muka gaisa, ya tambayi mutanen Likoro, na tambayi hanya. Ya dubi gwangwanin, ya dube ni, ya ja babur ɗinsa. Ni kuma na ƙarasa bakin wata gonar rake na tona, na binne jinin da gwangwanin gaba ɗaya, na taka, na koma na ɗauki zabirata.

Ruwa bai daɗe da sauka ba Malam Haladu ya fara ƙin abinci. Idonsa ya yi ruwan ɗorawa, fitsarinsa ya yi duhu. Aka ce shawara ce, aka yi ta jiƙe-jiƙe. Ta lafa, ta dawo. Aka kai shi asibiti a Maƙarfi, daga can aka tura su Zariya. Da ya dawo na je duba shi, na same shi a kishingiɗe, ya rame, amma bakin yana nan.

Ya ce, "Garba, jinin da suka ɗiba ya fi wanda ka taɓa ɗiba a jikina, su kuma ko rami ba sa tonawa. Likita ya tambaye ni wai ina shan giya. Ni! Na ce masa ko lemon kwalba sai da Sallah. Ya tambayi maganin feshi, ya tambayi masarar da muke ci ko ta taɓa yin fumfuna, ya tambayi saiwoyin da na sha. Suka shafa mini wani abu mai sanyi a ciki suka ɗauki hoto."

"To me suka gani?"

"Ya ce hanta ta kumbura, kuma ta daɗe tana ciwo a ɓoye, tun kafin ido ya nuna. Ƙwayoyin cutar da suka sani duk sun nema, babu ko ɗaya. Ya ce akwai irin wannan, a bincika a rasa dalili. Mutumin kirki ne, bai yi mini ƙarya ba. Ya ce in daina jiƙe-jiƙe, in riƙa zuwa suna dubawa."

Haka kuwa aka yi ta yi. Yanzu da nake ba ku labarin nan yana nan da ransa, wani watan ya je gona, wani watan ya kwanta, yana zuwa Zariya, dalilin ciwon kuwa ba a gano ba.

Maganar farko da ta fara yawo ita ce ko rezata ce. Wannan ba ta dame ni ba, don tana da magani. Na hau mota na je aka gwada jinina. An ce wanzami ba ya son jarfa, gaskiya ne, da wata yarinya ma'aikaciyar asibiti ta nufo ni da allura sai da na kau da kai ina salati, tana dariya. Aka ce lafiyata lau. Shi ma mai ciwon ba a samu cutar da reza ke ɗauka a jikinsa ba. Na dawo gida ina cewa magana ta ƙare.

Ashe a nan ta fara. Da an samu ƙwayar cuta, da kowa ya huta, an san sunan abin. Amma ciwo a ce likitan Zariya da kansa ya nema ya rasa, ai mutanenmu ba sa barin wuri haka babu kowa. Sai aka fara cewa ba na asibiti ba ne, hannu ne. In kuwa hannu ne, to na wa? Sai Alhaji Mamuda ya tuna da gwangwani.

Na zo zagayena kamar kullum, Malam Haladu yana Zariya a ranar, na tarar da Alhaji zaune a dakali. Na jingine keke na durƙusa. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har ya tambayi jikin innata. Sannan ya ce, "Garba, ina ka kai jinin ƙanena?"

Na ba shi labari tun daga siminti har barci. Ya ce mu je in nuna masa. Muka gangara fadama, sai na tsaya ina dube-dube. Ruwa ya malale wurin, mai gonar ya tada sababbin kunyoyi, rake ya fi ni tsawo. Na nuna nan, na nuna can. Alhaji bai ce na yi ƙarya ba. Da muka dawo ƙofar gida sai ya ce, "Ka ɗan dakata da zuwa gidan nan tukuna." Na ce, "To, Alhaji." Na hau kekena.

Abin da ya fi wuya a shekarar nan shi ne ba wanda ya fito ya ce na yi. Na je wurin liman na ce a kira Alhaji in dafa Alƙur'ani. Alhaji ya aiko cewa shi bai tuhume ni da komai ba, rantsuwar me zan yi? Liman ya yi huɗuba a kan zato, kowa ya gyaɗa kai, aka fito aka ci gaba. Aka yi haihuwa a gidan Alhaji, sai labari na ji an ɗauko wani wanzami daga wajen Ikara ya yi askin suna. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, don uban jaririn ni na aske shi ranar nasa sunan. Sauran gidajen Ɗandamisa suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa. A kasuwar Maƙarfi ina shimfiɗa tabarma a inda Baba yake shimfiɗawa, mutanen da na san ƙeyarsu fiye da fuskarsu su ɗago mini hannu daga nesa su wuce. Na koma ƙwadago a gonakin mutane, hannun da ya saba da aska ya yi kanta.

Bayan an kai amfanin gona gida sai ga saƙo daga Malam Haladu, wai in zo ranar Juma'a bayan an sauko, in taho da ƙahoni. Ashe duk watannin nan ce masa ake na yi tafiya, sai da wata ƙanwarsu ta zo ganin gida bakinta ya suɓuce.

Na iske ƙofar gida cike da mutane, shi ya tsayar da su daga masallaci. Ya sa an shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, a kan ƙasa, ga rami an tona a gefe. Alhaji Mamuda yana kan dakali da carbi. Malam Haladu ya tuɓe riga ya zauna ya ba ni baya, ya ɗaga murya.

"Jama'a, an ce mutumin nan ya tafi da jinina. To ga wani zan ƙara masa, ku kalla. Garba, kafa!"

Wallahi na ji daɗi har cikin raina. Na durƙusa na buɗe zabira. Sai na dubi bayan da zan tsaga. Duk shaidar susa ce, don ciwon yana sa shi ƙaiƙayi. A damtsensa jini ya kwanta a ƙarƙashin fata, baƙi-baƙi, alhali ba abin da ya buge shi. Da ya waiwayo yana murmushi na ga dasashinsa da jini. Baba ya taɓa ce mini mai ɗorawar ido ba a tsaga shi, jininsa ba ya jin tsaya, ma'aikatan lafiyar nan ma sun faɗi haka.

Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Likita ya yarda a tsaga ka?"

Ya ce, "Likita yana Zariya."

"Me ya ce?"

Ya ce a hankali, "Garba, kai nake son wankewa. Biyu kawai ka kafa, mutane su gani."

Na ce, "Na sani. Allah ya saka da alheri. Ba zan tsaga ka ba."

Na mayar da ƙahonin cikin zabira. Na miƙe na gaya wa jama'a cewa jikinsa ba zai ɗauki tsaga ba, amma wa zai saurara? Na ji wani daga baya yana cewa, "Ya ji tsoro." Wani ya ce, "Ai ya san abin da ya shuka." Malam Haladu ya janyo rigarsa ya sa, ya tara mutane an kunyata shi a gabansu. Na yi masa sallama bai amsa ba. Na tura kekena har na fita unguwar ban hau ba.

Bayan wannan, 'yan gidajen da suka rage mini a Likoro ma suka fara sanyi. Wani ɗan'uwan matata ya ce akwai aikin gadi a Kaduna, na ce masa ya riƙe mini wurin. Amma ban fasa zuwa kasuwa ba, don in ka bar wurin tabarmarka ranar kasuwa ɗaya, mai tumatir zai gaje shi.

Askin da ya fi kowane wuya a rayuwata na yi shi ne a kasuwar Maƙarfi, 'yan makonni bayan Juma'ar nan. Ina zaune ina kallon ƙafafun mutane sai babur ya tsaya a gabana. Alhaji Mamuda ne ke tuƙi, Malam Haladu a baya, don jiri ba ya barinsa ya hau shi kaɗai. Ashe ya ce wa yayansa magani zai saya, da suka zo daidai ni ya ce a tsaya. Ya sauko a hankali, ya zauna a tabarmata ba ko sallama.

Ya ce, "Kai mai taurin kan tsiya. Na kai ƙararka wurin likita."

Na ce, "Me ya yanke?"

"Ya ce in gaishe ka, wai ka kyauta." Ya cire hula. "Ƙaho ka hana. Askin fa, shi ma sai an tambayo Zariya?"

Suma ce a kansa kamar ta mai jego. Tun da na daina zuwa bai bar kowa ya taɓa kan ba. Na ce in rage masa da almakashi kawai. Ya ce shi ba ɗan makaranta ba ne, ƙwal-kwabo yake so, kamar yadda aka saba. Masu rake da masu buhunan masara na kusa sun fara matsowa, don duk sun san labarin. Alhaji ya kashe babur, bai sauka ba.

Na karɓo ruwan ɗumi wurin mai shayi. Na shimfiɗa masa tsumma a cinya, na fara da almakashi har na ga fatar kan. Duk ɓawon susa ne, wani ya bushe, wani ɗanye, daga ƙeya har bayan kunne. Reza ta taɓa ɗaya daga cikinsu, jini zai yi ta tsattsafowa a gaban kasuwa, ya ɓata masa riga, ba kuma zai tsaya da wuri ba. Na jiƙa kan na bar shi ya sha ruwa sosai, na shafa sabulu na sake jira. Na ɓare sabuwar reza a gaban kowa na ɗaura a mariƙi. Sannan na sa babban yatsa ina jan fatar, ina bi tsakanin ɓawo da ɓawo, kamar mai noma a cikin gyaɗa. Inda reza ba za ta shiga ba, da tsinin almakashi na bi gashi ɗai-ɗai.

Shi kuwa bakin bai mutu ba. Ya ce, "Mahaucin masu rai, yau ko kasuwa za ta tashi a kanmu ne?"

Na ce, "Ka yi mini shiru, Haladu, don girman Allah."

Ya yi shiru. Tun da na san shi ban taɓa cewa ya yi shiru ya yi ba sai ranar. Na gama ƙeya, na zagayo gefe, na zo gaban goshi inda aka ce aski ya fi zafi, gumi yana ɗiga daga haɓata. Da na sauke hannu na wanke kan da sauran ruwan, na goge da farin ƙyalle, na duba ƙyallen. Fari ne tas. Na ɗaga shi ban san na ɗaga ba.

Gashin dattijo a wurinmu ba a barinsa a kasuwa iska ta kwasa, ana naɗe wa mai shi ya tafi da abinsa ya binne, don abin da ake tsoro a jini shi ake tsoro a gashi. Na tattara tsumman na ƙulle, na miƙa masa da hannu biyu. Bai karɓa ba. Ya shafa kansa, ya sa hula, ya dafa kafaɗata ya miƙe.

Ya ce, yadda har masu masara za su ji, "Me zan yi da shi? Sa a zabirarka. Ka kai shi duk inda ka ga dama ka binne, ba sai na gani ba."

Na dubi Alhaji Mamuda, shi ma ƙullin yake kallo. Na buɗe zabira na sa shi a ciki na rufe.

Malam Haladu ya hau bayan babur. Alhaji ya taka ya tashi, ya ɗan ja gaba, sai ya tsaya ya sa ƙafa a ƙasa. Bai waiwayo sosai ba.

Ya ce, "Garba."

Na ce, "Na'am, Alhaji."

"Gobe ka biyo ta gida da hantsi. Yaran nan duk sun yi suma, kamar gidan da ba shi da wanzami."

Na ce, "Allah ya kai mu, Alhaji."